Daga Sansanin Illo Zuwa Shingen Tsamiya: Soja da Iyaka a Ƙasar Bagudo

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun sansanonin soja a yankin Bagudo na Jihar Kebbi da kewayensa, tun daga garuruwan tsaro na zamanin Gwandu, zuwa sansanin Illo na 1898, har zuwa shingayen binciken da ke kan hanyoyin Tsamiya da Lolo a yau. Hujjar da ta kafa ita ce, daga zuwan Turawa, kusan duk sojan da aka girke a wannan iyaka an kawo shi ne don biyan wata buƙata da ta taso a wuri mai nisa, Landan ko Faris ko Abuja, kuma da zarar buƙatar ta biya sai a kwashe shi. Barazanar da ta kunno kai a 'yan shekarun nan kuwa a cikin dajin yankin take kwana.

Gabatarwa

A farkon damanar 1898, wakilan Ingila da na Faransa sun shafe watanni a birnin Faris suna ja-in-ja kan rabon ƙasashen da ke bakin Kwara. An daidaita kan manyan wurare, aka bar wani gari guda da ya tsaya musu a maƙogwaro, wanda yawancin masu gardamar ba su taɓa ganinsa ba. Garin nan shi ne Illo, wanda yanzu gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Bagudo. Faransawa sun riga sun kafa tutarsu a can, Ingilishi kuma sun ce ba za su sa hannu ba sai an sauke ta. A ƙarshe aka yi musaya: Ingila ta saki Buna, wadda ke cikin Kodebuwa a yau, ta riƙe Illo. Ranar 14 ga Yuni, 1898 aka rattaba hannu.

Yarjejeniyar ta faɗi inda iyakar za ta taɓa kogi da ƙididdiga: mil goma sama da tsakiyar garin Giris, tashar jiragen ruwan Illo. Wato layin da ya raba Nijeriya da Jamhuriyar Benin a wannan kusurwa, daga wata mashigar kwalekwale aka auna shi. Duk wanda zai yi magana kan aikin soja a Bagudo, daga nan ya kamata ya faro, domin sansanin soja ne ya riga iyakar zuwa, kuma shi ya sa aka ja ta inda aka ja ta.

Kafin zuwan tuta

Yankin ba baƙon yaƙi ba ne. Ganuwar Surame da Kanta ya gina a ƙarni na 16 tana nan a matsayin shaidar cewa Kabawa sun san darajar gari mai katanga. Bayan da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi a 1805, yammacin daular ya koma hannun Gwandu, amma riƙon bai taɓa zama na kwanciyar hankali ba. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar bore, Kabawa suka kafu a Argungu, Dandawa da Zabarmawa da Arawa suka mara musu baya. In ban da 'yar hutawar da aka samu lokacin Lafiyar Toga daga 1867, haka aka yi ta gwabzawa har Turawa suka iso.

A irin wannan hali, abin da Sakkwato da Gwandu suka dogara da shi shi ne ribaɗi, tsarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fi kowa ɗabbaƙa shi. Ribaɗi gari ne na bakin daga da ake zaunar da mutane da iyalansu, su yi noma, su yi kiwo, su yi karatu, in an yi kuwwa su ɗau baka da kwari. Mai tsaron wurin shi ne mai gonar wurin. Ba ya jiran albashi daga wani birni, kuma babu takardar canjin aiki da za ta ɗauke shi. A ƙetaren kogi, Ka'oje ta zama ƙafar Gwandu a bakin ƙasar Bargu, har yau ma sarautarta Sarkin Bargun Ka'oje ake ce mata.

Illo kuwa fuskarta kudu take kallo. Tarihin baka ya haɗa sarakunanta da na Bussa da Nikki a tsatson Kisra, kuma arzikinta daga fito yake. Ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro a nan wasunsu ke haye Kwara, gishirin Foga kuma ta wannan yanki yake gangarawa kudu. Garin da ke riƙe da mashiga yana karɓar kuɗin fito, yana jin labarin kowa. Abin da ya ja idon Turawa ke nan.

Wasan dara a Bargu

Rigimar ta samo asali ne daga kogin kansa. Daga teku, jirgi yana iya hawowa Kwara har ya iso duwatsun Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Faransawa suna da ƙasa mai faɗi a sama, a wajajen Tumbutu da Sayi, suna son tasha a ƙasan duwatsun don kayansu su fita teku. Kamfanin Neja na Joji Goldi kuma ya ɗauki kogin tamkar gadon gidansu. A 1894 aka yi tseren zuwa Nikki, Kyaftin Lugga ya riga Kyaftin Dekor na Faransa isa da kwanaki kaɗan a watan Nuwamba, kowa ya koma gida da takardar da yake cewa sarki ya sa mata hannu. Shekara ta zagayo, Kyaftin Tute ya gina sansani daura da Bajibo ya raɗa masa suna Arenberg, wanda daga baya Ingilishi suka mayar da shi sansanin Goldi.

Faransawa suka gane cewa takarda ba ta hana kowa komai, sai ƙafa a ƙasa. A farkon 1897 Laftanar Bretone ya taso daga Dahome, ya bar 'yan sojoji a Illo, ya gangara ya zauna a Bussa. Sansanonin nan ba wasu manyan gine-gine ba ne. Shinge ne na itace da ƙaya, da 'yan bukkoki, da sanda mai tuta, da sojoji baƙaƙen fata ƙalilan ƙarƙashin Bature ɗaya, wani lokaci ma babu Baturen. Ba za su iya tare ko ƙaramar rundunar wani sarki ba in da gaske ta zo. Amfaninsu a teburin Faris yake, inda wakili zai ɗora yatsa kan taswira ya ce mutanensa na nan.

Sakataren mulkin mallaka na Ingila, Yusufu Chembalen, ya ga kamfani ba zai iya wannan wasa ba. A 1897 ya ba da umarni a kafa runduna ta gwamnati, aka ɗora Lugga a kanta, Kanar Wilkoks ya zama mai ja mata gora a fili. Ita ce Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da WAFF. An fara da bataliya biyu, aka ɗebi kurata Hausawa da Yarabawa, aka horar da su a Lakwaja da Jaba. Umarnin da aka ba Wilkoks mai sauƙi ne: duk inda Faransawa suka kafa tuta, ya nemi ƙauyen da ke kusa ya kafa tasa, ya datse musu hanya, amma kada ya fara harbi. Haka ƙasar Bargu ta cika da tutoci kamar 'ya'yan dara a gurabensu, soja na kallon soja, ana zaman doya da manja. Talakawan ƙauyukan su suka ɗauki nauyin wasan, domin daga rumbunansu ake cin hatsi, daga cikinsu ake kama 'yan dako.

Akwai abin lura a nan ga masu nazarin tarihin sojan Nijeriya. An saba fara labarin daga dakarun Hausawa da Gulba ya tara a Legas a 1863, kuma gaskiya ne. Amma rundunar da ta zama ƙashin bayan sojan ƙasar, wadda aka kira Rajimantin Nijeriya daga 1914, saboda rikicin wannan iyaka aka ƙirƙire ta, kuma abokin gabar da aka tanade ta dominsa Bafaranshe ne. Ba ta yi yaƙin da shi ba. Da aka sa hannu a Yuni 1898, Faransawa suka janye daga Illo da Bussa da Kayama, sojojin Wilkoks suka shiga. Abin da Faransa ta samu na lallashi shi ne hayar filaye biyu na ajiye kaya, ɗaya a Bajibo, ɗaya a Forkados.

Bindigogin da aka saya don yaƙar Faransawa sai suka juya gabas.

Bayan an sa hannu

Daga 1 ga Janairu, 1900, da Lugga ya karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfani, aikin sansanin Illo ya sauya. Ya zama ido a kan Gwandu da Sakkwato daga yamma. A 1902 aka girke soja a Argungu, inda Sarkin Kabi Sama ya karɓe su hannu bibbiyu don yana da tsohuwar ƙiyayya da Sakkwato. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Daga nan darajar Illo a idon soja ta fara dusashewa. Ba a daɗe ba ma aka yanke ta daga Bargu aka liƙa ta a ƙasar Gwandu, abin da ya bar wa Bussa ciwon da ta daɗe tana jinya.

Satiru ce ta nuna yadda abokan hamayyar jiya suka zama 'yan gida ɗaya. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka far wa sojojin doki na Turawa da gatura da fartanya, suka karya su. Daga cikin jagororin boren akwai Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulki bayan tashin hankalin Kobkitanda a yankin Doso. Mutanen da aka ja wa layi ba su ɗauke shi a bakin komai ba, kuma Turawan biyu suka fahimci cewa wutar da ta kama a ɗaya gefen za ta iya cin ɗayan. A Maris aka rushe Satiru ƙurmus, aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu bisa zargin yana da masaniya. A Oktoban shekarar kuma aka ƙara fayyace layin iyakar daga teku zuwa Kwara. Daga nan tsaron iyaka ya koma hannun hakimai da dogarai da malaman kwastan.

Sau ɗaya kawai layin ya sake yin zafi kafin 'yancin kai. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, Dahome da Nijar suna hannun gwamnatin Bishi mai biyayya ga Jamus, don haka maƙwabci ya zama abin tuhuma, aka tsananta sa ido. Da gwamnan Dakar ya sauya sheƙa a Nuwamban 1942, tuhumar ta kau, aka kwashi samarin Arewa cikin runduna ta 81 da ta 82 zuwa dazuzzukan Bama.

Bariki a nesa, shinge a kusa

Bayan 1960 tsarin girke soja ya bi manyan birane da hedikwatocin mulki. Da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, sai ya zamana manyan barikokinta biyu ne: Barikin Dukku a Birnin Kebbi, mazaunin Bataliya ta 1, da barikin Zuru, mazaunin Bataliya ta 223. Dukkansu a yau suna ƙarƙashin Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato. Sansanin jiragen yaƙi mafi kusa yana Kainji a Jihar Neja, inda aka ajiye jiragen Super Tucano da suka iso daga Amurka a 2021. Duk mai duban taswira zai ga cewa Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya suna ƙetaren Kwara, kuma motar soja da ta taso daga Birnin Kebbi sai ta yi tafiyar sa'o'i, ta bi ta Gadar Tuga, kafin ta kai gare su. A ambaliyar 2020 gadar da hanyoyin da ke kaiwa gare ta sun sha ruwa har aka shiga fargabar yankewar yankin. Da wuya a sami wani gini a Bagudo da ya kai wannan gada muhimmanci ta fuskar tsaro, alhali ba a lissafa ta cikin kadarorin soja.

Abin da ɗan Bagudo ya sani a matsayin hukuma mai kaki shi ne shinge: ganga biyu, katako mai ƙusoshi, rumfar zana, da jami'an kwastan da na shige da fice da 'yan sanda. Lokacin da soja ya zo da yawa a zamanin nan, shinkafa ce ta kawo shi. Ranar 20 ga Agusta, 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa da atisayen haɗin gwiwa mai suna Swift Response, don toshe shinkafar waje da ke shigowa ta tashar Kwatano da man fetur da ke fita. Kebbi na da ruwa da tsaki a lamarin, domin a nan aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Nuwamban 2015, zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, kuma manoman fadamun Kwara sun ga farashi ya tashi. Amma a Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai injin ban-ruwan manomin da ake son karewa ya rasa abin sha. An buɗe iyakoki huɗu a Disamban 2020, mashigar Kamba ta Jihar Kebbi ba ta samu ba sai Afrilun 2022.

Ba laifin sojan da ke bakin shinge ba ne, umarni ya bi. Sai dai aikin da aka ba shi ya sa shi gaba da gaba da ɗan acaɓa mai buhu biyu, da mai kwalekwale mai jarka goma, wato mutanen da suka fi kowa sanin hanyoyin daji da na ruwa. Wanda aka ƙwace wa babur bara, ba shi zai zo bana ya ce ya ga baƙin fuska a bayan gari ba. Ra'ayin mai wannan takarda shi ne, asarar da aka yi ta wannan fuska ta fi ƙarfin kuɗin shinkafar da aka kama.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya sake maimaita tsohon salo. Takunkumin ECOWAS ya rufe hanyoyi, aka yi ta maganar yaƙi da Yamai. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, amma Nijar ta bar gadar Malanbil da Gaya ta kan iyakarta da Benin a toshe, kaya suka koma bin ruwa da ɓarauniyar hanya ta wannan kusurwar da ƙasashe uku suka haɗu.

Abin da ya sauya a daji

Ana cikin ƙidayar buhuna, daji ya sami sababbin mazauna. A arewacin Benin, mayaƙan ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida sun kafu a gandun dajin W, gwamnatin Kwatano ta ƙaddamar da farmakin Mirador a 2022 da sojoji kusan 3,000. Ranar 8 ga Janairu, 2025 aka kashe mata sojoji 28 a mahaɗar iyakarta da Nijar da Burkina Faso. Ranar 17 ga Afrilu aka sake kai hari, gwamnati ta amsa cewa ta rasa 54. Duka a jihar Alibori abin ya faru, jihar da Segbana da Madekali suke ciki, garuruwan da ke fuskantar Tsamiya da Lolo. Tun a Yunin 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke Holan ta fitar da rahoto kan yadda masu ɗauke da makamai ke zirga-zirga tsakanin arewacin Benin da gandun dajin Kainji, wanda ke kudu da Bagudo.

Ta arewa kuma ga Lakurawa. Labarinsu ya kamata ya tsaya wa duk mai tsara tsaro a rai, domin a yankin Tangaza da Gudu na Sakkwato mutanen gari ne da kansu suka fara karɓarsu, don su kare su daga ɓarayin shanu lokacin da babu wata hukuma a kusa. Masu gadin suka zama masu karɓar zakka da tsiya. Hedikwatar Tsaro ta sanar da su ga duniya a Nuwamban 2024, a watan ne suka kashe mutane a Mera ta Ƙaramar Hukumar Augie, a Janairun 2025 kuma kotun tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. An kafa farmakin Fansan Yamma a madadin Hadarin Daji, ana kai samame, ana tarwatsa maɓoya. Amma samame zuwa ne da komowa, su kuwa masu babura suna da haƙurin jiran ƙurar motoci ta lafa.

Abin da ya faru a Maga ya fito da matsalar fili. Ranar 17 ga Nuwamba, 2025 aka sace 'yan mata 25 a makarantar kwana ta garin, a Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Gwamna Nasir Idris ya fito ya ce an girke sojoji a wurin bisa bayanan sirri, amma suka janye kafin maharan su iso, ya nemi a gaya masa wanda ya ba da umarnin. Maga tana da nisa da Bagudo, sai dai tambayar gwamnan ta shafi kowane ƙaramin sansani a jihar: wa ke da ikon cewa a tashi, kuma wa zai amsa idan an tashi? Makonni uku bayan haka, ranar 7 ga Disamba, jiragen yaƙin Nijeriya suka isa Kwatano cikin sa'o'i kaɗan suka taimaka wajen murƙushe yunƙurin kifar da Shugaba Patrice Talon. Ƙarfin yana nan, da sauri ma, in kiran ya fito daga fadar shugaban ƙasa.

Babu mai cewa a dawo da ribaɗin ƙarni na 19, kuma damƙa bindiga ga 'yan sa-kai ba tare da linzami ba ya riga ya nuna illarsa a Zamfara. Abin da za a iya ɗauka daga tsohon tsarin shi ne zama da sanayya. Sansanin da zai yi amfani a ƙetaren Kwara shi ne wanda ba ya tashi da rani ko damina, mai jiragen ruwa ƙanana tunda rabin hanyoyin yankin ruwa ne, wanda a cikin dakarunsa akwai masu jin Dandanci da Fulatanci da Busanci da Kyanganci ban da Hausa, wanda kuma aka raba shi da aikin kama shinkafa. Sannan kwamandansa ya iya ɗaga waya ya kira takwaransa na Kandi ko Segbana kai tsaye, ba sai takarda ta je Abuja ta wuce Kwatano ta dawo ba. Iyakar Nijeriya da Benin ta kusa kilomita 800, kuma hankalin hukumomi ya fi karkata ga Seme da Idiroko inda kuɗin shiga yake. Daga Giris, inda aka fara auna mil goman nan, har yanzu kwalekwale ne ke kai mutum Gaya da Malanbil, kuma matuƙansa sun san kowane tsibiri da kowace mashiga da sunanta.